Na bari an haska kod ɗin WhatsApp ɗina a kwamfutar sekretariya, tun jiya hankalina bai kwanta ba

Adda_Yelwa
Assalamu alaikum jama'ar gida. Dan Allah masu sanin harkar waya ku taimaka min da shawara. Shekaranjiya na je wata sekretariya nan Garwa kusa da babbar kasuwa zan buga takardun dosiyen ƙanwata na konkur, wato jarrabawar gasa ta neman gurbi, ita tana Marwa ne ta turo min su ta WhatsApp. Yaron da ke wajen ya ce ba shi da kebul, sai ya buɗe wani shafi a kwamfuta, wani zane mai kusurwa huɗu baƙi da fari ya fito kamar saƙar tabarma, ya ce in miƙo wayar. Ya shiga ciki ya haska zanen, wayar ta nemi yatsana na ɗora, kafin in ankara wallahi sai ga hirarrakina duka a allon, har gurup ɗin adashinmu da hirata da maigida. Ya buga takardun na biya sefa 600 na fito da sauri don la'asar ta kawo jiki ga mai moto yana jirana a rana. To jiya da dare sai na ga saƙon wata mai sayen atamfa a wurina a buɗe alhali ni ban buɗe shi ba, ita ma ta kira tana min ƙorafi wai na karanta na yi banza da ita. Shin yaron nan yana ganin saƙonnina har yanzu ne? Kuma abin nan na haɗa waya da kwamfuta dama haɗari ne gaba ɗayansa ko ni ce ban iya ba?

Dan_Kusuri
Wa alaikumus salam Adda. Kar ki jira sauran amsoshi, yanzu yanzu buɗe WhatsApp, taɓa ɗigo ukun nan na sama, shiga "Appareils connectés", wato jerin na'urorin da aka haɗa. In iPhone ce ta cikin saitin manhajar za ki same shi. Faɗa mana me kika gani a wurin.

Adda_Yelwa
Na shiga. Akwai abu ɗaya an rubuta Google Chrome da Windows, kuma a ƙasa ya nuna an yi amfani da shi yau da safe. Innalillahi wa inna ilaihi raji'un, ni ko kwamfuta ba ni da ita.

Dan_Kusuri
Ita ce ta shagon. Taɓa ta ki danna wurin fita, shi ke nan kin yanke igiyar, ba sai kin je shagon ba. Bayan nan ki bi hirarrakinki ɗaya bayan ɗaya ki duba ko an tura wa wani saƙo da sunanki.

MaiSiber_Domayo
Adda sannu, Allah ya tsare gaba. Ni wannan sana'ar ta siber, wato shagon kwamfuta da intanet, nake ci shekara da shekaru a Marwa, bari in faɗi namu ɓangaren kafin a yi mana kuɗin goro. Ganin an yi amfani da shi da safe ba lallai ne wani ya zauna yana karanta sirrinki ba, yawancin kwamfutocinmu in an kunna burawza shafukan jiya ne ke dawowa da kansu, shafin na buɗuwa kuwa zai nuna kamar ana ciki. Amma saƙon da kika ce an buɗe, wannan kam hannu ne ya taɓa shi, ba zan kare ba, ko yaron ne ko wani kwastoma da ya zauna bayanki. Laifin yaron shi ne bai fitar da ke ba kafin ki tashi. Ni a wurina doka ce, mai waya shi ke riƙe wayarsa, ni ba na taɓawa, kuma ba ya barin kujera sai ya cire kwamfutata da hannunsa ina kallo.

Hajiya_Baladji
Malam mai siber kai kana da tsoron Allah, amma ba duka aka taru aka zama ɗaya ba. Abin da ya sami Adda ya same ni bara a nan Gaundare, ni kuma ban ma san akwai wani wurin dubawa ba sai da aka kwana tara. Ina zaune yayana ya kira daga Duwala yana cewa kuɗin asibitin sun shigo? Na ce wane asibiti Yaya? Ashe an rubuta masa da lambata, da irin maganata, har "Yaya na kaina" da nake ce masa an saka saboda sun karanta hirarmu ta baya sun kwaikwaya, aka ce yarinyata ce kwance a tura jaka 25 a wata lamba wai tawa ta cika. Ya tura. Suka goge saƙon ta ɓangarena don kar in gani. Kuɗin ba su ne suka dame ni ba, a'a, sanin da na yi kwana tara wani ƙato yana kallon hotunan 'ya'yana mata shi ne har yau in na tuna nake jin zuciyata na tafasa.

Ummu_Hanan
Subhanallah Hajiya. To ni dai daga yau na haramta wa kaina abin nan kwata kwata.

MalamInfo_Dang
Ummu Hanan ba sai an kai ga haka ba, wuƙa ce, da ita ake yanka albasa. Bari in ɗan yi bayani don in mutum ya gane yadda yake aiki ba sai an yi ta ja masa kunne ba. Zanen da ke fitowa a allon, wanda ake ce wa kod QR, ba na wayarki ba ne, na kwamfutar ne, kamar ita ce take miƙo katin shaidarta tana cewa ga ni, a ba ni izinin shiga. In kika haska shi daga cikin WhatsApp ɗinki kin sa hannu ke nan cewa wannan na'urar taki ce. Daga nan sai wayar ta kwafa mata hirarrakin baya bayan nan, kuma duk saƙon da ya shigo daga baya ana aika mata nata kwafin, ta iya karantawa, ta iya amsawa, ta iya gogewa, wanda ke can ɓangaren ba zai bambance ke ce ko ba ke ba ce. Shi ya sa wayar ta nemi yatsanki Adda, wannan matakin a 2021 aka ƙara shi don kar wani ya ɗauki wayar mutum yana wanka ya haɗa. Amma in mai wayar ce da kanta ta ɗora yatsa ai ƙofa ta buɗu da makullinta.

BabanIman_Gider
Ni abin da na ji shi ne ko hoton kod ɗin mutum aka ɗauka daga nesa an gama da shi. Kuma in ka kashe data ko ka kashe wayar ai kwamfutar ma ta mutu, don haka Adda da ta kashe wayarta da dare da ba abin da za su gani.

MalamInfo_Dang
Baban Iman duka biyun akwai gyara. Na farko, wanda ya ɗauki hoton kod ɗin da ke allon bai sami komai naka ba, in ma ya haska shi da WhatsApp ɗinsa to nasa hirarrakin ne za su zubo a kwamfutar. Kuma kod ɗin ba ya daɗewa, yana canzawa da kansa bayan ɗan lokaci kaɗan. Haɗarin a juye yake, wato kai ka haska kod ɗin da wani ya kawo maka. Akwai kuma wani kod na daban da ke kusa da sunanka a saiti, shi lambar wayarka kawai yake ba mutum ya ajiye, ba ya buɗe hira. Na biyu, maganar kashe waya gaskiya ce a da. Lokacin da aka fito da WhatsApp Web, wato wannan tsarin na buɗe WhatsApp a kwamfuta, a Janairun 2015 kwamfutar madubin waya ce kawai, waya na mutuwa ita ma ta tsaya. Amma daga 2021 zuwa 2022 aka sauya tsarin, yanzu na'urar da aka haɗa tana cin gashin kanta, ko wayarka na kashe a aljihu tana karɓar saƙo, sai wayar ta yi sama da kwana 14 ba a yi amfani da ita ba sannan ake sallamar sauran. Kuma har na'ura 4 ake iya haɗawa da lamba ɗaya.

BabanIman_Gider
To na gode Malam, ashe tsohon karatu nake riƙe da shi. Kwana 14 ai ko me ake nema an samu.

Ummu_Hanan
Amma ni na saka lambar sirrin nan mai guda 6 ta tabbatarwa sau biyu, ƙanena ne ya saka min ya ce ba mai iya shiga. Kuma ba an ce saƙonnin a kulle suke ko kamfanin ba ya gani ba?

Dan_Kusuri
Yar'uwa waccan lambar tana da amfani sosai kar ki cire ta, amma aikinta daban. Tana tare wanda ke son ya yi rajistar lambarki a sabuwar waya ne, irin masu kira su ce an turo miki lamba 6 ta SMS bisa kuskure ki karanto musu. Wajen haɗa kwamfuta ba a tambayar ta. Maganar kulle saƙo kuma gaskiya ne tun 2016, amma kullen na hanya ne tsakanin mai aikawa da na'urorin mai karɓa, to kwamfutar da kika haɗa ai ta zama 'yar gida, ita ma an yanka mata nata makullin.

Abakar_Njamena
Gaisuwa daga wannan ƙetaren na gadar Ngeli. Ni nawa ba a siber ya same ni ba, a kan laftof ɗina ne a ɗakina. Na rubuta WhatsApp Web a wurin bincike na danna na farko da ya fito, shafin komai iri ɗaya, koren nan, kod ɗin nan, na haska, ya yi ta juyawa bai buɗe ba, na ce matsalar rezo ce, wato sabis, na rufe na kwanta. Sai da na zo haɗawa washegari na ga akwai wata na'ura a jerin wadda ban sani ba. Ashe shafin bogi ne, kod ɗin na gaske ne amma na kwamfutar wani ne can suka ɗora a shafinsu, ni na buɗe masa da hannuna. Tun daga ranar da yatsuna nake rubuta web.whatsapp.com harafi harafi ina dubawa. Mu nan muna da wani hali da ya samo asali, lokacin da aka toshe kafofin sada zumunta a Chadi daga Maris 2018 har Yuli 2019 kowa ya saba sauke duk VPN ɗin da aka tura masa, wato manhajar kewaye toshewar, ba tambaya, to hannun ya saba, har yau in aka ce danna nan sai mu danna.

Hamma_Pitoware
Abakar ka taɓo inda ke min ƙaiƙayi. Yanzu ma ba sai da kod na haskawa ba. Akwai hanyar haɗawa da lambar waya, kwamfuta ta ba da haruffa da lambobi guda 8 ka rubuta su a wayarka. To 'yan damfara sun gano ta, za a turo maka cewa ga hotonka an saka a wani shafi ko ka zaɓi ɗiyar wane a gasar makaranta, ka shiga a ce saka lambar wayarka, sai a nuna maka guda 8 ɗin a ce rubuta a WhatsApp don tabbatarwa. Kana rubutawa ka haɗa su. An turo wa mahaifiyata irinsa daga lambar ƙawarta ta Islamiyya, Allah ya taimaka ba ta iya karatun boko sosai ba ta kawo min in duba mata.

Matashi_237
Ni GB WhatsApp nake amfani da shi, wanda aka yi wa kwaskwarima, yana da tsaro fiye da na asali ai, har ɓoye hira yake yi.

Dan_Kusuri
Ƙanena ɓoye hira daga idon budurwarka daban, tsaro daban. Wannan ba kamfanin ne ya yi shi ba, ba ka san wa ya taɓa cikinsa ba, kuma suna rufe lambar masu amfani da shi. Haka ƙananan manhajojin nan da ke cewa za su buɗe maka WhatsApp biyu ta hanyar haska kod, hirarka na iya bi ta wurinsu.

Baffa_Figil
Tunda ana maganar, ni ina da tambaya kuma kar a zage ni. In uba ya haɗa wayar 'yarsa mai shekara 15 da kwamfutarsa don ya san da wa take hira, laifi ne? Zamanin nan sai addu'a.

Modibbo_Fulbere
Baffa Allah ya shirya mana zuri'a. Kula da yaro wajibi ne a kanka, amma ni ina ganin a yi shi a fili, ta san Baba yana iya duba wayar nan duk lokacin da ya so, wannan tarbiyya ce. Abin da nake tsoro shi ne na ɓoye, musamman tsakanin miji da mata, don an kawo min shari'ar aure fiye da ɗaya da wannan abin ne sanadi, miji ya haɗa wayar matarsa tana barci, ya yi wata yana karanta hirarta da uwarta da 'yan'uwanta, ya tsinci rabin magana ya gina gida a kai. Allah ya ce kada ku yi tajassusi, Suratul Hujurat aya ta 12, kuma bai ware waya ba. Sannan ku tuna ba sirrin mutum ɗaya kake buɗewa ba, duk wadda ta yi mata magana da amana ita ma ka shiga nata.

Hajiya_Baladji
Allah ya saka da alheri Modibbo. Mata ku riƙa leƙa wurin nan ko sati sati ne, ba zargi ba ne.

Baffa_Figil
Na ji Modibbo amma in ta sani ai sai ta koma wata wayar, yaran nan sun fi mu wayo. Ni dai ban gamsu duka ba.

Ummu_Hanan
Baffa in ta gano da kanta fa? Sunan kwamfutarka zai fito mata ɓaro ɓaro a jerin, ranar kuma ba za ta ƙara gaya maka komai ba ko da abu ya same ta.

Admin_Zaure
Jama'a maganar tarbiyya mai girma ce, a buɗe mata nata zaren. Mu koma kan matsalar Adda, ba ta ma gaya mana ko ta ga wani abu ba.

Adda_Yelwa
Ina nan ina karantawa, na gode muku ƙwarai. Na cire, na bi hirarrakin ban ga an tura wa kowa komai ba, amma maganar Hajiya ta gogewa ta sa na kira maigida da Dada da matan adashi na ce duk wanda ya ga saƙon neman kuɗi daga gare ni ya kira ya ji muryata tukuna. Abin da ya rage min shi ne takardun ƙanwata, akwai takardar haihuwa da hoton katin ɗan ƙasa a ciki, cirewar da na yi ta goge su daga kwamfutar?

MaiSiber_Domayo
A'a Adda, nan ne mutane ke mantawa. Fita yana ɗauke hirarrakin daga shafin, amma duk takardar da aka sauke don a buga tana nan kwance a babban fayil ɗin saukewa, "Téléchargements". Wallahi in kika buɗe na wasu shagunan za ki tarar da katunan mutane sun fi ɗari, ba mugunta ba ce sakaci ne. Ki koma ki ce a goge a gabanki, a kuma zubar da kwandon shara na kwamfutar. Gaba kuma in bugu kawai za ki yi ba dalilin buɗe musu gidanki duka, ki tura takardar kaɗai zuwa lambar shagon ko ta imel ko ki zo da ita a kile, wato filashin USB. In dole sai an haɗa, a buɗe taga ta sirri a burawza, a cire alamar nan ta ci gaba da zama a haɗe, a gama ki cire daga wayarki.

Hamma_Pitoware
Turawa lambar shagon ma ai katin yana zama a wayarsu.

MaiSiber_Domayo
Haka ne Hamma, ba wadda ba ta da nata, amma takarda ɗaya da hirar shekara ai ba ɗaya ba.

MalamInfo_Dang
Don kar a ɗauka mu kaɗai ake yi wa, a Fabrairun 2025 masu binciken tsaro na Google sun fitar da rahoto cewa masu kutse da ke da alaƙa da Rasha suna tura wa sojojin Yukren kod QR na bogi a Signal, wata manhajar hira irin WhatsApp, a yi masa kamar gayyatar shiga gurup alhali na haɗa na'ura ne. Signal fa da ake yabo wajen tsaro. Telegram ma tsarin haɗawarsa da kwamfuta irin wannan ne, shi ma yana da jerin na'urori a saiti, ku duba shi. Shi kod ɗin kansa ba don wannan aka ƙirƙire shi ba ma, wani kamfanin Japan ne Denso Wave ya yi shi a 1994 don bin sawun kayan gyaran mota a masana'anta, ido ba ya karanta shi, shi ya sa ba ka sanin me ke ciki sai ka riga ka haska.

Hajiya_Baladji
Adda ni shawarata ki kai ƙara. Akwai dokar laifukan intanet a Kamaru tun 2010, kuma akwai ANTIC, hukumar fasahar sadarwa ta ƙasa, da ke kula da wannan harkar. Ni na yi shiru lokacin nawa saboda kunya, har yau ina nadama.

Dan_Kusuri
Hajiya naki an ci kuɗi, akwai lambar da aka tura wa, akwai abin kamawa. Nata saƙo ɗaya aka buɗe kuma ba a san hannun wa ba ne, kuma da na san maganar ƙara za ta taso da na ce ta ɗauki hoton allon kafin ta cire. Ni ina ganin ta fara zuwa wurin mai shagon.

Adda_Yelwa
Na dawo daga can yanzu, da ƙanen maigida muka je. Mai shagon dattijo ne, ya kira yaron a gabanmu, yaron ya rantse shi bai karanta ba, ya ce da safe wani ya zo zai haɗa tasa ya tarar da tawa a buɗe ya ɗan taɓa kafin ya kira shi, shi kuma ya rufe shafin kawai yana zaton rufewa shi ne fita. Allah ne masani. An goge takardun ina tsaye, na ga na wasu mutane da yawa a wurin na ce su ma a goge, dattijon ya ba da haƙuri sosai har ya so mayar min da kuɗina na ƙi karɓa. Ban kai ƙara ba Hajiya, amma zuciyata ba ta gama sakewa ba, ina ta tunanin me da me wancan mutumin ya gani.

Alhaji_Goro_Kusuri
Sannu 'yata. Ni kuma kullum da shi nake aiki, odar kaya daga Njamena da rasit duk a kwamfutar shago nake amsawa don idona ba ya ganin rubutun waya, ba zan iya bari ba. Matsalata yarana biyu suna zama a kan kwamfutar in na tafi masallaci, kuma cirewa da haɗawa sau biyar a rana ba zai yiwu min ba. Ya zan yi?

MalamInfo_Dang
Alhaji a cikin saitin shafin wajen sirri akwai kulle allo, ka saka kalmar sirri ya riƙa kulle kansa in ka tashi. Ko kuma ka ware lamba ɗaya ta shago zalla ita ce za a haɗa, ta iyali ta zauna a aljihunka.

Alhaji_Goro_Kusuri
Lamba biyu kuma Malam, kwastomomina shekara goma wannan suka sani. Bari dai in gwada kullen gobe in na buɗe shago, in ya gagare ni zan ɗauki hoton allon in turo nan ku nuna min inda zan taɓa.